Zafin Kujerar Baya

Lokacin da muke yara, wanda zai je Kano daga ƙauyenmu sammako yake yi ya bi jakuna a ƙasa, in rana ta take ya ratse gindin ɗorawa ko tsamiya ya jira ta sassauto. Gonakinmu tun can a manne suke da juna, babu daji tsakaninmu da ƙauyukan maƙwabta, amma kowace gona tana da bishiyoyinta, kuma ba a hana baƙo inuwa. Daga baya akori-kura ta zo, muka riƙa hawa kan buhunan gyaɗa iska tana dukanmu. Ban taɓa jin wanda zafi ya kayar a hanyar birni ba. Yanzu kwalta ce shimfiɗe daga Ɗambatta har cikin gari, bishiyoyin bakin hanya yawancinsu sun zama gawayi, tafiyar ba ta ɗaukar komai. A wannan hanyar ce na kusa rasa matata saboda zafi, kuma a cikin mota mai esi, na'urar sanyaya iska.

Na yi yawo a rayuwata. Fatauci ya kai ni Kwatano da Akara, na zauna Kartum har Larabcinsu ya kama bakina, na yi shekaru ina kai-komo tsakanin Jidda da gida, na taɓa cin hunturu guda a Santambul ina jiran kaya. Da ƙarfi ya ragu, ido ya fara hazo, sai na dawo gidan da aka haife ni na riƙe gona da 'yan tumaki. Ina ganin hutu ya zo, sai ƙafafun Hajiya suka fara kumbura.

Ƙoda ce. Likitoci a Kano suka ce sai wanki, sau biyu a mako, ba ranar dainawa. Suka ƙayyade mata ruwan da za ta sha a yini, ɗan abin da bai isa alwala ba. Mun fara zuwa a bas ɗin haya. Zuwa da sauƙi, dawowa ce matsalar, don in aka sauke ta daga na'urar wankin jikinta yakan zama kamar tsumma, jiri yana ɗibarta, ga cunkoso ga tsaye-tsaye. Babban ɗanmu, wanda yake koyarwa a sakandare yana kuma taɓa noma, bai ce wa kowa komai ba, sai ya sayar da shanun huɗarsa ya dawo da wata tsohuwar jif 'yar Kwatano. Ƙatuwa ce, baƙa, ta tsufa amma injinta lafiya. Abin da ya fi burge ni shi ne mutanen baya suna da esinsu daban, ga ƙofofin iska a rufi, ga maɓallansu a saman kai. Na ce alhamdu lillahi, Hajiya ta huta.

Shi ne ɗanta na fari. Tun da aka yaye shi mahaifiyata ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma. Hajiya ba ta faɗar sunansa, ba ta kallon fuskarsa, in ya durƙusa a ƙofar ɗaki yana gaishe ta bango take amsa wa. A Kartum na ga uwa ta kama kan ƙaton ɗanta a tasha tana sumbatar goshinsa a gaban jama'a. A Kwatano na ga mace tana kwaɗa wa ɗanta na fari kira da sunansa daga wannan bakin kasuwa zuwa wancan. Matan zamanin su Hajiya a ƙauyukanmu ba haka suka taso ba, kuma ban taɓa ganin aibin abin ba. Da mota ta zo sai ya samu sabon suna a bakinta. Yana zaune a sitiyari, hannu ɗaya tsakaninsu, za ta juya wajen ƙanwarta, wata bazawara da ke raka mu, ta ce, "A ce wa mai motar ya tsaya na ɗan miƙe."

Haka muke zama. Shi a sitiyari, ni a gefensa, Hajiya da ƙanwarta a baya. Da sanyi babu wanda ya lura da komai. Da bazara ta shigo sai na fara ganin Hajiya tana fitowa daga mota sharkaf, mayafinta ya manne a wuya, leɓɓanta sun bushe sun tsage. Na ɗauka ciwon ne yake ƙaruwa. Na tambaye ta, ta ce ba komai. Ni kuwa a gaba har hula nake gyarawa saboda sanyi.

Ƙanwarta ce ta fasa maganar. Tun tana ƙarama muke tsokanar juna, ba ta raga mini. Wata rana mun wuce shataletalen fita gari ta ce, "Alhaji, ku a gaba ƙasar Turawan da kake ba mu labari kuka koma, ko? Mu nan baya gidan burodi aka ajiye mu."

Hajiya ta ce, "Ke, rufa mini baki."

"Wallahi Yaya ba zan rufe ba. Gurasa ma in ta gasu cire ta ake yi."

Na miƙa hannu baya na kai shi bakin ƙofar iskar da ke saman kan Hajiya. Na janye da sauri. Iskar da ke fitowa ta fi ta waje zafi. Na ce, "Tun yaushe?"

Ƙanwar ta ce, "Tun ranar da aka kawo motar. Da sanyi daɗi muke ji. Ita ta hana ni faɗa."

Da muka isa gida na bi Hajiya ɗaki na tambaye ta dalili. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Yaro ya sayar da shanunsa. Sai na buɗe baki na ce abin da ya sayo bai yi ba?"

Washegari muka fara. Mun murɗa maɓallan baya zuwa shuɗi, zuwa ja, muka kashe muka kunna, iska ɗaya ce. Muka tafi Ɗambatta wajen mai gyaran esi. Ko baya bai leƙa ba ya ce, "Baba Alhaji, gas ne. Duk abin da ya shafi sanyi gas ne."

Na ce, "To gaba ina take samun nata sanyin?"

"Ai gaban ce ke shanyewa kafin ya isa baya."

Ya ɗura gas. Gaba ta ƙara sanyi har haƙorana suna haɗuwa, baya tana nan yadda take. Muka koma, ya ƙara ɗurawa, ya ce mu yi haƙuri sai gas ɗin ya zauna. Bai zauna ba. Daga nan aka tura mu wajen rewaya, mai gyaran wutar mota. Ya bi fiyus ɗaya bayan ɗaya da ɗan ƙwan fitila a bakin waya, ya ce wuta tana zuwa ko'ina, maɓallan ne suka mutu. Ɗana ya shiga birni ya samo wasu na hannu, aka sa. Babu abin da ya canza. Duk wannan ana yi ne a ranakun da ba na asibiti ba, ranar asibiti kuwa ba ta jira. Muka kashe fankar baya gaba ɗaya, amma zafin bai daina tsatsowa daga gefen kujera ba, sanyin gaba kuma ba ya kai wa can, motar ta yi girma. In aka sauke gilashi, iskar bazara ce ke shigowa kamar an buɗe tanda.

Ranar nan wata ma'aikaciyar jinya ta ja ni gefe bayan an gama wanki. Ta ce jinin Hajiya yana faɗuwa ƙwarai, kuma in ta yi gumi a hanya ƙara faɗuwa yake yi, ga shi ba halin a ba ta ruwa yadda ake ba kowa. Ta ce, "Baba, a kiyaye mata zafi. In ya ci gaba da faɗuwa haka, wata rana ba zai tashi ba." Na ce to. Na fito na tsaya ina kallon baƙar motar nan a rana, ban san abin da zan yi ba.

Da yamma na sa ɗana ya ajiye motar a gindin darbejiyar ƙofar gida ya tayar da ita, ni kuma na shiga baya na zauna inda Hajiya take zama. Da ya murɗa makulli na ji wani sauti a bayana, wajen tayar dama, ƙas-ƙas-ƙas, kamar ɓera a cikin buhu, sai ya yi shiru. Ƙanwar Hajiya tana tsaye a bakin zaure ta ce, "Kullum sai ta yi wannan. Na ɗauka gaisuwarta ce." Na kunna fanka na sa hanci. Wani wari ne mai ɗumi, na ƙura da ruwan zafi, kuma na san shi. A tasin Santambul na san shi, lokacin da nake cusa yatsuna a bakin iskar ina gode wa Allah saboda ƙanƙara. Na ce wa ɗana, "Wannan ba sanyi ne ya ƙi zuwa ba. Hita ce a kunne." Motar daga ƙasar sanyi ta fito kafin ta sauka Kwatano, an yi ta ne don ta ɗumama mutanen baya, kuma aikin da ta maƙale a kai ke nan.

Muka kai ta wani gareji a birni inda ake gyaran irinta. Bakaniken ya cire marfin gefe a cikin but, sai ga wani baƙin akwati da ban san yana nan ba. Ya nuna mana ɗan ƙaramin inji da ke juya wata ƙofa a ciki, in ta juya nan sanyi, in ta juya can zafi. Haƙoran robarsa sun kakkarye, ƙofar ta tsaya a ɓangaren zafi. Ƙas-ƙas ɗin da muke ji shi ne yana ƙoƙarin juyawa. Aka zaga kasuwar kayan gyara ba a samu irinsa ba. Bakaniken ya ce, "A Kano wa yake neman hita? Mu raba ta da ruwan kawai." Ya cire tiyo biyun da ke kai ruwan zafi daga inji zuwa baya ya haɗe bakinsu, ya tura ƙofar da hannu zuwa ɓangaren sanyi ya ɗaure ta da waya. Zafin ya ɗauke. Na riƙe hannun mutumin nan ina sa masa albarka kamar ɗana.

Ba mu kai rabin hanyar gida ba na gane murnar ta yi wuri. Iskar ta daina ƙuna, amma babu sanyi a cikinta ko kaɗan, iskar cikin motar ce kawai take juyawa. Muka juya. Bakaniken ya shiga ƙarƙashin mota da tocila, ya daɗe, sannan ya kira ni na durƙusa da ƙyar. Siraran bututun da ke kai gas baya an yanke su tun tuni, an matse bakinsu an liƙe. Abin da ya rage duk ya rube ya yi fari-fari. Ya ce bai taɓa ganin tsatsa irin wannan ba. Ni na gani. A ƙasashen nan gishiri suke watsawa a titi don ƙanƙara ta narke, shi yake cin cikin mota. Wani can ya ga bututun suna yoyo, ya datse su ya sayar da motar. Duk gas ɗin da muka ɗura bai taɓa zuwa baya ba. Bututun kuwa tsawonsu tsawon motar ne, babu su a kasuwa, sai dai a aika Legas ko Kwatano a jira a farke wata irinta.

Muka aika, muka shiga jira. Na yanka kwali na toshe gilasan baya. Na sayo 'yar fanka mai caji. Ƙanwarta tana riƙe da tawul da gorar ruwa tana jiƙawa tana shafa mata a wuya, Hajiya kuma tana bin gorar da ido. Wannan kallon ya fi komai tsaya mini a rai. Na roƙi asibiti su mayar da ita layin safe don mu dawo kafin rana ta take, suka ce na'urorin ba su da yawa, kowa da lokacinsa. Namu yana ƙarewa ne bayan azahar, lokacin da kwalta take tururi.

Sai na faɗi abin da kowa ya gani tun farko. Na ce, "Hajiya, ki dawo gaba. Kujerar tana kwanciya, sanyin yana nan. Ni na koma baya."

Ta ce, "Kusa da wa?"

"Kusa da ɗanki."

"Alhaji, da girmana? Mu ratsa gari kowa yana kallo, ina kishingiɗe a gefensa?"

Na ce to a ɗauki direba. Ta ce wato ta kwanta a gefen ƙaton da ba ta sani ba, shi kuma mai motar a ce masa ya zauna a gida kamar ya yi laifi. Na ce ni zan tuƙa. Ƙanwarta ta kwashe da dariya ta ce, "Kai da ka gaishe da turmi jiya kana cewa sannu da aiki?" Ba ƙarya ta yi ba. Ɗayan ɗanmu namiji yana Fatakwal. Na kawo mata misalin Makka, na ce a ɗawafi wa ya riƙe hannun tsofaffi in ba 'ya'yansu ba. Ta ce can Makka ce. Na ce malamai sun ce wannan kunyar ba addini ba ce. Ta ce ta sani, ita ma ta yi karatu. Daga ƙarshe ta ce, "In abin ya zama wahala, a bar ni a gida."

Kuma ta aikata. Ranar wanki ta zo ta ce ba ta jin fita. Na yi lallashi, na yi faɗa, ta juya fuska bango. Kafin ranar wanki ta gaba fuskarta ta kumbura, numfashi yana yi mata wuya, ba ta iya kwanciya sai a jingine. Na rasa inda zan sa kaina. In ta zauna a gida ruwa zai shaƙe ta, in ta shiga mota zafi zai kayar da ita. Na yi ciniki da mutane a harsuna huɗu, na shawo kan 'yan kwastan da ba su san Allah ba, amma matar da muka tsufa tare na kasa matsar da ita daga kujerar baya zuwa ta gaba. Ɗana kuwa kullum yana waya Legas, ana ce masa gobe. Ya rame. Bai taɓa cewa uffan a kan maganar kujera ba, don shi ma a cikin wannan kunyar ya tashi.

Ta yarda ta koma asibiti don dole. Saboda fashin da ta yi suka cire mata ruwa mai yawa, ta fito tana tangaɗi. Ranar babu ko gajimare. A bakin gari wata tirela ta lalace ta tare hanya, muka tsaya cak a cikin layi, ƙarfen motar yana ɗaukar rana. Ina jin 'yar fankar nan tana zuu a baya har cajinta ya ƙare. Da muka samu muka fita, mun ɗan yi nisa gonaki sun fara, sai ƙanwarta ta ce, "Yaya." Ta sake cewa, "Yaya!" Sannan ta sa salati da ƙarfi.

Na juya. Kan Hajiya ya langaɓe a jikin kwalin gilashi, idonta a buɗe kaɗan, farin kawai ake gani. Gumin ma ya daina fitowa.

Ɗana ya taka birki a gefen wata gonar da aka share ana jiran ruwa, babu bishiya ko ɗaya kusa. Ban san lokacin da ya fita ba. Ya buɗe ƙofata ya ce, "Baba, sauko." Bai taɓa yi mini magana da wannan muryar ba. Na sauko. Ya buɗe baya ya sa hannu ya ɗauki mahaifiyarsa cak, shi da rabonsa da jikinta tun yana shan nono. Ya kwantar da ita a kujerata, ya danna kujerar ta yi baya, ya ɗaga ƙafafunta ya ɗora a kan jakarsa, ya juya duk ƙofofin iskar gaba zuwa fuskarta. Ya ce, "Inna, ba ni tawul ɗin." Ƙanwarta ta miƙa masa tana kuka. Na shiga baya, ya juya mota muka nufi asibiti.

A nan na zauna inda take zama, a lokacin da take zama. Kujerar tana ƙona ni ta cikin riga. Ina lafiyayye, na sha ruwa na ƙoshi, amma kafin mu kai bakin gari numfashina ya fara sama-sama. Ina kallon gefen fuskarta ta tsakanin kujeru, ina karanta duk abin da ya zo bakina. Na ce ya Allah, kada ka karɓe ta a kan titi.

Wajen inda tirelar nan take Hajiya ta motsa. Ta buɗe ido ta kalli rufi, ta juya ta ga wanda ke gefenta. Hannunta ya tashi a hankali ya jawo mayafi ya rufe fuska. Ƙanwarta ta ce, "Alhamdu lillahi, ta dawo, tunda kunyar ta dawo." Babu wanda ya yi dariya. Muka ci gaba da tafiya. Can sai muryarta ta fito daga ƙarƙashin mayafin, a dushe.

"Rage shi kaɗan. Ya yi mini yawa."

Ba ta ce a ce wa kowa ba. Ɗana ya kai hannu ya rage. Ya ce, "To, Hajiya." Na ga yana goge ido da kafaɗa har muka shiga asibiti.

Suka kwantar da ita suka ƙara mata ruwa kaɗan-kaɗan, ta kwana biyu. Ranar da aka sallame ta na riga kowa zuwa mota na shige baya na rufe ƙofa. Ta zo ta tsaya tana dafe da ƙanwarta, ta kalle ni ta gilashi, ta kalli ƙofar gaba da ɗanta ya buɗe yana tsaye nesa kaɗan, kansa a ƙasa. Ta daɗe a tsaye. Sannan ta gyara mayafi ta shiga.

Bututun sun iso bayan ruwa ya sauka, ɗaya bai yi daidai ba, muka bar maganar. Ciwon yana nan, har yau muna bin hanyar sau biyu a mako, kuma duk bazara da tsoro nake shigarta. Amma tun daga wannan shekarar Hajiya gaba take zama, ni da ƙanwarta muna baya, kuma abin da take so ɗanta take faɗa wa da bakinta.